Mabiya dubu hamsin amma ciniki babu: maganar talla cikin salula

Jama'a assalamu alaikum, ina gajiya, ya zafi. Yau da ƴan kasuwa nake, manya da ƙanana, masu butik a Babbar Kasuwa da Wadata da Katako, da matan da ke sana'arsu cikin gida ba su taɓa kama rumfa ba. Kowa yanzu ya ji labarin wai kasuwa ta koma cikin salula, sai ka ga mutum rana guda ya buɗe Facebook ya buɗe TikTok ya ƙara da Instagram, ya zuba hotuna rututu, ya koma gefe yana ƙirgan laik, wata biyu wata uku ko ƙyalle bai saida ba sai ya ce ai abin duk ƙarya ne kuɗin forfe, watau na intanet, kawai ake ci ma mutane. Wani kuma yana da mabiya dubu hamsin, duk inda ya shiga cikin Yamai an san fuskarshi, amma ka tambaye shi nawa ke shigowa aljihu ta wannan hanya sai ya fara kame-kame.

Ni ke riƙe da salular shagon yayana, shadda da atamfa da leshi muke saidawa, kuma abin da nake gani kullum shi ne mai kallo daban mai saye daban. TikTok da Facebook iyakarsu su jawo maka mutum, amma a ƙasar nan cinikin kanshi cikin WhatsApp ake ƙulla shi, kuma abin da ke sa ya ƙullu ko ya warware shi ne yadda ka amsa ma mutum, da kuma ko kayan da suka isa hannunshi su ne ya gani a hoto. Dillaliyar da ke yawo gida-gida da ƙunshin zannuwa a ka tun muna yara ai ba ta da allon talla, amma ta san wace ce za ta aurar da ɗiya bayan salla, ta san mai son ja da mai son shuɗi, ta san wadda ake ba bashi da wadda ba a ba, kuma in ta ce kaya na da kyau an yarda da ita don gobe ma za ta dawo gidan. To aikin nan nata shi ne ya dawo cikin salula, abin da ya ƙaru gidajen sun yi yawa kuma ba ka ganin fuskar matar gidan.

Bari in fara da abin da ya fi ƙona min rai, ɓoye farashi. Ka ga takalmi mai kyau a Facebook, mutum talatin sun rubuta "nawa ne", mai kayan yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana cewa "zo inbos". Don Allah mi ye amfanin haka? Na san dalilan da ake bayarwa, wani tsoro yake maƙwabcin rumfa ya gani ya karya mishi farashi, wani kuma so yake sai ya leƙa hoton mutum ya ga ko mai hali ne sannan ya yanka mishi kuɗi. Matsalar ita ce mai saye ma ya san da wannan, da ya ga "zo inbos" zuciyarshi ta riga ta ce mishi za a cuce shi. Kuma mutanenmu akwai kunya, mace da yawa ba za ta shigo ta tambaya ba don tsoron kar a faɗi kuɗin da ya fi ƙarfinta ta rasa yadda za ta fita, sai ta wuce kawai ta tafi wajen wanda ya rubuta nashi a fili. Maƙwabcin naka kuwa in yana son sanin farashinka ai yaro guda zai turo ya tambaya. Ka sa kuɗin, in kana so ka bar ɗan wuri na tayi don ba Bahaushen da ke saye bai taya ba, a ce albarka a ƙara a sallama, wannan daɗin ciniki ne kuma bai hana a rubuta inda aka fara.

Sannan ka rubuta shi cikakke da sefa, misali 12.500 F, kar ka bar shi a baki kaɗai. Mu nan da dala muke ƙirga, in ka ce "ɗari biyar" cikin bokal, watau saƙon murya, Hajiya za ta ji dala ɗari biyar watau 2.500 F, yaron lakkol kuma ya ji 500 F, ga kuma ƴan uwanmu na Sakkwato da Katsina da Kano da bidiyon ke faɗo ma su ɗauka naira ake nufi. Rigima da yawa tsakanin mai kaya da mai saye daga nan take tashi alhali ba wanda ya yi niyyar cutar wani.

Maganar harshe kuma. Ina mamakin mai saida turaren wuta da humra a Bukoki da za ta zauna ta tsara talla da dogon Faransanci wanda ita kanta sai da aka rubuta mata, alhali matan da ke sayen kayanta da Hausa da Zabarmanci suke tashi suke kwana. Mafi yawan manya a Nijar ba su yi zurfi a karatun boko ba, wannan kowa ya sani, shi ya sa bokal ya fi rubutu tafiya a nan. A watan Maris na 2025 ne kundin ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, amma kasuwa ta daɗe da yanke wannan hukunci. Ka yi magana da muryarka, in kana jin Zabarmanci ka yi kala biyu don Yamai gari ne na kowa. Sai dai bokal ma da iyawa. Akwai mai danna abin ya yi minti huɗu yana zagaye, ga ƙarar kasuwa ga kabu-kabu na hon, mutum ya saurara har ƙarshe bai ji kuɗin ba. Yayana in zai amsa ma mace ga yadda yake yi: "Hajiya ina wuni, ya iyali, ya zafi. Shaddar da kika tambaya akwai ta, ruwan toka da ruwan goro ne suka rage, shuɗin ya ƙare sai sati mai zuwa in Allah ya yarda. In kina so yaro ya kawo miki gida kafin la'asar ki duba da idonki." Shi ke nan. Ya gaishe ta, ya faɗi abin da ke akwai da wanda babu, ya nuna mata mataki na gaba. Ni kuma sai in bi bayan bokal ɗin in rubuta kuɗin da lamba don in an jima ta dawo nema ba sai ta sake saurare ba.

Kuma a amsa da wuri. Wadda ta rubuto maka ƙarfe goma na safe wallahi ba kai kaɗai ta rubuta ma ba, ta tura ma mutum uku ko huɗu, wanda ya riga amsawa da fara'a shi ke cin kasuwar ko da nashi ya ɗan fi tsada. In ka san ba ka da lokacin riƙe salula ka ba wani yaro mai hankali da ladabi ya riƙe, ka koya mishi farashi da yadda ake gaida manya. WhatsApp Business tun Janairun 2018 ya fito kuma kyauta ne, amma har yau ƴan kasuwa da yawa da lambar da suke hira da abokai da dangi da ita suke ciniki, saƙon kiliya, watau mai saye, ya nutse tsakanin grup ɗin ƴan fada da na ƴan garinsu. Cikin na kasuwancin kana iya sa sunan shago da lokacin buɗewa da taswirar inda kake, ka jera kaya da hoto da farashi har guda 500, ka sa gaisuwar da ke fita da kanta in baƙo ya rubuto, ka liƙa ma kowace hira alama, wannan ya biya, wannan yana jiran kaya, wannan akwai cikon kuɗi a kanshi. Alamar nan kaɗai ta isa dalilin sauke shi, don lokacin salla in komand ta yi yawa kai ba ya riƙewa.

Hoto ne wurin da mutane ke kashe kansu da hannunsu. A je intanet a kwaso hoton wata baƙuwa ta sha ado cikin sitidiyo, a ce ga kayan, ranar da suka iso sai a ga kala daban ƙyalle daban. Sau ɗaya za ka ci kuɗin mutum ta haka, kuma ba shiru zai yi ba, matan Yamai in suka haɗu wajen suna ko biki labarin wanda ya cuce su shi ne na farko. Shadda wuyar hoto gare ta saboda ƙyalli, ƙarƙashin fitilar shago ruwan toka sai ya koma kamar shuɗi. Abin da muke yi da safe kafin rana ta yi ƙarfi sai a fito da ita bakin shago cikin inuwa, a shimfiɗa bisa farin ƙyalle, a goge gilashin kamara da gefen riga don ƙurar garin nan ba ta barin komi, a ɗauka daga nesa a ɗauka daga kusa yadda zanen zai fito, sannan a yi ɗan gajeren bidiyo ana murza ta da hannu a ji ƙarar ta, don mai sanin shadda da kunne ma yana gane mai kyau. Ba filta ko kaɗan. In akwai ɗan tabo a gefe a nuna shi a rage kuɗi, za ka sha mamakin yadda mutum ke saki jiki da kai daga ranar da ka nuna mishi aibin kayanka da kanka. Kuma a tuna da forfe na mutane, bidiyo mai nauyi na minti biyar mai saye a Abalak ko Keita da rezo ke zuwa yana ɗaukewa ba zai buɗe shi ba.

To ina masu sayen suke taruwa? A istatu. Ni a ganina duk cikin kayan aikin nan ba wanda ya kai istatun WhatsApp kawo kuɗi ga ƙaramin ɗan kasuwa, tun da aka kawo shi a 2017 mutane suka maida shi abin dubawa da sun farka da kuma kafin su kwanta. Amma akwai abin da da yawa ba su lura da shi ba: mutum ba zai ga istatunka ba sai in ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tashi. Haka saƙon da ake turawa mutane da yawa lokaci guda, iyakarshi mutum 256 a jeri ɗaya kuma wanda ya ajiye lambarka kaɗai zai samu. Ke nan duk wanda ya shigo shago ya sayi ko mita biyu ne, kafin ya fita ka roƙe shi lamba cikin ladabi, ka ajiye nan take da abin da zai tuna maka shi, "Hajiya Talaje leshi", "Malam tela Yantala", shi ma ka ce ya ajiye taka. Lamba ɗari uku na mutanen da suka taɓa ba ka kuɗinsu sun fi maka mabiya dubu talatin da ba ka san ko a wace ƙasa suke ba. Sai dai kar ka cika istatun har ya zama ɗigo-ɗigo kamar arba'in, mutum zai toshe ka ne ba ka sani ba. Biyar zuwa goma masu kyau a yini sun isa, kuma a riƙa sa wanda aka saida da wanda aka kai, mutane na son ganin cewa wasu ma suna saye.

Abin da ban so ko kaɗan shi ne jefa mutane cikin grup ba a tambaye su ba. Ka tashi da safe ka ga kanka cikin grup ɗin saida kayan kicin da mutum ɗari bakwai, lambar matar aure a fili kowane ƙato na gani. Wannan rashin mutunci ne, kuma in mutane suka yi ta kai ƙarar lambarka WhatsApp na iya rufe ta gaba ɗaya, haka masu amfani da WhatsApp na jabu irin su GB WhatsApp ma ana rufe musu. Ka tura ma mutum hanyar shiga, in yana so ya shiga da ƙafarshi, ko ka buɗe tasha irin wadda WhatsApp suka kawo a 2023 inda masu bi ba su ganin lambar juna.

TikTok kuwa amfaninshi guda ne babba, yana nuna bidiyonka ga mutanen da ba su san ka ba, ko mabiyanka goma ne in bidiyon ya riƙe mutane suka kalla har ƙarshe sai ya ƙara tura shi gaba. Shi ya sa daƙiƙun farko su ne komi, in ka ɓata su wajen gyara murya an wuce ka. Kuma ba sai ka yi rawa ko ka zama ɗan wasa ba, wannan tunanin ya hana dattawa da yawa shiga. Akwai wani mai raguna a wajen kasuwar Turaku da nake bi, in layya ta matso ba ya wani abu illa ya sa yaro ya riƙe salula, ya jawo rago balami ya buɗe bakinshi ya nuna haƙora a san shekarunshi, ya zagaya da shi a ga ba ya ɗingishi, ya dafa gadon baya ya kama gindin wutsiya a ga kitse, ya faɗi abin da yake ba shi, harawa ce ko dusa ko ƙaiƙayin wake, ya faɗi kuɗi, ya faɗi lamba sau biyu a hankali. Ko kiɗa ba ya sawa. Wanda ya kalli wannan ya koyi duba rago ko bai saya ba, kuma ranar da zai saya wa kake jin zai tuna? Mai kilishi ya nuna yadda ake fere nama a shanya a tsoma cikin labu a gasa, mai ɗinki ya nuna ƙyallen kafin da bayan, maƙerin azurfa a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata ya nuna yadda ake zuba ta. Aikin hannunka da kai ka raina don kullum kana yi, shi ne abin kallo ga wani. Kawai kowane bidiyo ya ƙare da lambar WhatsApp, don can ne za a yi maganar kuɗi.

Yanzu an yi ciniki, saura biya da kai kaya, kuma nan ne amana ke tsayawa ko ta faɗi. Cikin Yamai abin da ya fi kwanciyar hankali ga sabon kiliya shi ne hannu da hannu cinikin makaho, mai babur ya kai, a duba, a biya. Ka samu mai babur ɗaya ko biyu da ka yarda da su ka riƙe, don fuskar da mai saye zai gani tashi ce, in ya iso da ɗaure fuska ko ya ƙara ma kanshi kuɗi a hanya sunan shagonka ne ya ɓaci. Kuma a faɗi kuɗin kaiwa tun farko, Harobanda ƙetaren gada ba ɗaya take da Lazare ba, kar sai an iso ƙofar gida a fara gardama. Na nesa kuma, Tawa ko Maradi ko Damagaram ko Agadas, a tura kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza ko Airtel Money, kai kuma ka kai koli tashar su Rimbo ko STM ko Sonef, ka ɗauki hoton kolin da sunan mutum a jiki ka ɗauki hoton resi ka tura mishi nan take, ka gaya mishi motar da za ta tashi. Daga nan zuwa Tawa fiye da kilomita 500 ne, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, mutumin da ya turo kuɗinshi ga wanda bai taɓa gani ba hankalinshi ba ya kwanciya sai ya ga hoton resin nan. Kashegari ka kira ka ji ko kaya sun isa lafiya. Kiran nan na minti ɗaya mutane ƙalilan ne ke yin shi, kuma shi ke maida mai saye sau ɗaya ya zama naka.

Kai ma ka kiyaye kanka. Ɓarayi sun iya haɗa hoton biya na ƙarya da saƙon ƙarya mai kama da na gaske sak, suna turowa suna gaggauta ka wai mota za ta tashi. Kar kaya su bar hannunka sai ka ga kuɗin cikin asusunka da idonka ko ka karɓo su a gishe.

Akwai wata kasuwa da nake ganin mutane ba su ba ta haƙƙinta ba, ƴan ci-rani. Duk wanda ya san Adar ya san da wuya ka samu gidan da ba shi da mutum a Abijan ko Lome ko Kwatano ko Akara ko Libiya ko Aljeriya. Mutanen nan suna da salula mai kyau, suna kan TikTok da Facebook da dare bayan aiki, kuma babbar damuwarsu ita ce su aiko kuɗin ragon layya ko kayan sallar yara ko buhun shinkafa, abin ya bi ta hannu uku ya isa rabi. Ɗan kasuwar da zai ce "turo kuɗin ni zan kai ma Inna har gida", ya kai ɗin, ya ɗauki ɗan bidiyo da izininta tana karɓa tana sa albarka ya tura ma ɗanta, wallahi wannan ya samu kiliya na shekaru, kuma ɗakin da suke kwana su takwas a can duk sai sun karɓi lambarshi. Na ce da izininta fa, don ɗaukar hoton matar mutane ko ɗiyar mutane a sa a talla ba a tambaya ba abu ne da ke ɓata zumunci, wani lokaci har ya kai gaban hukuma.

Maganar biyan kuɗin talla, ana tambayata sosai. Facebook da Instagram duk na kamfanin Meta ne kamar WhatsApp ɗin, kana iya biya su tura tallarka, da katin banki ake biya kuma ana iya farawa da kuɗi kaɗan a yini. Amfaninshi kana zaɓen gari da shekarun waɗanda za su gani, kuma kana iya sa maɓallin da in an danna kai tsaye sai cikin WhatsApp ɗinka. Inda ake asara shi ne mutum ya bar abin a buɗe, mai saida gato a Kwara Kano talla ta tafi har Dakar da Duwala, laik ya taru ba mai saye ko ɗaya. Ka tsaida shi Yamai kaɗai in nan kake iya kai kaya, kuma hoton da ya riga ya jawo tambaya ba tare da ka biya ba shi za ka sa ma kuɗi, wanda bai motsa kowa ba kuɗi ba za su tashe shi ba. Su kuma taurarin TikTok da ake biya su yi talla, akwai masu amfani akwai waɗanda mabiyansu dariya kawai suka zo yi. Kafin ka ba da jikka hamsin ko ɗari ka shiga ƙarƙashin bidiyonsu ka karanta su wa ke magana, daga ina suke, shin irin masu sayen kayanka ne. In kun shirya ka ce duk wanda ya zo ta wajenshi ya faɗi sunanshi a rage mishi wani abu, ta haka bayan sati za ka ƙirga da kanka mutum nawa ya kawo. Sau da yawa wata mai kitso ko mai lalle da mata ɗari biyu ke kallon istatunta kuma suna jin maganarta ta fi babban tauraro kawo ciniki, ka ba ta la'adarta bisa kowane kaya kowa ya ji daɗi. Masu tallar man bilicin da magungunan da ba a san abin da ke ciki ba kuwa ina roƙonku ku ji tsoron Allah, jikin mutane ne.

Sai tsaron lambar kanta, don yanzu ita ce shagon. Wani zai kira ka da murya mai daɗi ya ce an turo maka saƙo mai lamba shida bisa kuskure ko wai za a sa ka cikin wani grup na tallafi ka karanto mishi, kana karantowa WhatsApp ɗinka ya koma hannunshi, ya shiga bin kiliyanka yana karɓar kuɗi da sunanka. Lambar nan shida ba a ba kowa, ko wa ya ce shi ne. Ka shiga saiti ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu ka sa lambar sirri, minti biyu ne. Kuma kar ka manta dandalin nan ba naka ba ne. A ƙarshen Fabrairun 2021 bayan sakamakon zaɓe an yanke intanet na salula a ƙasar nan wajen kwana goma, ranar 4 ga Oktoba na shekarar kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya kusan awa shida. Wanda lambobin kiliyanshi ke rubuce cikin kaye, watau littafin rubutu, ya ci gaba da kira yana ciniki, wanda komi nashi ke cikin shafi ya zauna jiran tsammani.

Kayen nan dai ina so kowa ya saya, na dala hamsin ma ya isa. Suna, lamba, unguwa, abin da ya saya, ranar da ya saya, da kuma ta ina ya ji labarinka, istatu ne ko TikTok ko wata ce ta gaya mishi. Bayan wata uku ka zauna ka duba layin ƙarshen nan, shi zai nuna maka inda ya kamata forfe ɗinka da lokacinka su tafi, wani zai gano Instagram ɗin da yake wahala a kai bai taɓa kawo mishi mutum biyar ba sai ya bar shi ya huta. Kuma shi zai nuna maka lokaci. Mu masu ƙyalle cinikin ƙaramar salla tun kafin azumi ya kama yake farawa, don teloli na rufe karɓar ɗinki da wuri, wanda ya bari sai goman ƙarshe ya fara talla ya makara. Mai kayan lakkol ya fara tun Satumba kafin komawar Oktoba, mai raguna ya fara nuna su suna ƙanana ana ganin girmansu sati bayan sati, wanda kiliyanshi ma'aikata ne ya ajiye sabbin kaya sai ƙarshen wata in albashi ya faɗo. Cikin azumi kuma da rana ba mai kallon komi, sai bayan tarawi zuwa tsakar dare saƙo ke shigowa, don haka a yi cajin salula da batirin ajiya tun da rana saboda kuran, watau wutar lantarki, na lokacin zafi ba a sa mishi rai.